Kitsen da ke Cikin Kwalbar Ubaidu

Litinin, 19 ga Mayu, 2025
Ubaidu ya dawo. Ɗan ƙanena Malami ne, ni na goya yaron tun ranar da uwarsa ta rasu. Ya gama karatunsa a ƙasar waje, ya sauka wurina nan Boɗinga kafin ya je Shagari gai da ubansa. Na yanka masa zakara, na dama fura da nonon da aka aiko mini daga Horo Birni. Ya dubi kwanukan ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, na bar cin duk abin da ya fito jikin dabba." Nama, nono, ƙwai, man shanu, har zuma. Wai sunan abin bigan, wai tausayin dabbobi ne.

Ni da na raine shi da nonon saniya a cokali. Raina ya ɓaci sosai, na aika wa maƙwabta zakaran.

Laraba, 21 ga Mayu
Mai tausayin kaza ba ya tausayin huhunsa. Akwai wani abu kamar biro da yake zuƙa, shishar aljihu, yana kiranta bef. Yana ɗura mata wani ruwa daga 'yar kwalba, ya busa hayaƙi mai warin alawa. Zaurena duk ya ɗauka. Ya ce ba taba ba ce. Na koyar a firamare har na yi ritaya, na san fuskar yaron da ke kare abin da ya san bai dace ba.

Alhamis, 22 ga Mayu
Ya ƙi romo. Na ce na tsame naman. Ya ce romo ma nama ne. To.

Asabar, 24 ga Mayu
Ya je Shagari ya dawo fuska a murtuke, da yamma kuma Malami ya kira ni. Kowace Babbar Sallah, da zarar an gasa hantar ragon layya, Malami yakan yanki ta farko ya miƙa wa babban ɗansa da hannunsa, gaban 'yan'uwa. Haka mahaifinmu Baffa ya yi masa. Malami ya ce, "Yaya Kaltume, in yaron ga yaƙ ƙi amsar hanta hannuna gaban mutane, kada shi sake taka gidana." Na ce ya yi daidai. Har zuciyata na faɗa.

Saura ƙasa da mako biyu. Na fara zuba masa man shanu a miyar kuka, ɗan kaɗan, in rufe da daddawa da yaji. Yana ci yana santi. In cikinsa ya tuna gida, bakinsa zai biyo baya.

Talata, 27 ga Mayu
Ruwan shisharsa ya ƙare. Ya shiga Sakkwato ya sayo wani, ya zauna yana juya kwalbar kamar mai duba ƙwai. Abin da ke sa hayaƙin kauri wai gilisarin ne, irin wanda muke shafa wa kaushi. Wani daga manja ko waken suya ake yin sa, wani daga kitsen dabba. Wanda ya zo da shi an rubuta na tsiro ne. Wannan ba a rubuta komai ba, ga shi kuma ɗanɗanon madara da zuma ne, bai sani ba ko na gaske aka sa. Mai shagon ya ce masa shi dai sayarwa yake yi.

Ya aika wa masu yin abin saƙo ta waya, ya ce ba zai taɓa ba sai sun ba shi amsa. Na yi dariya. Mu ga ko zai kai gobe.

Alhamis, 29 ga Mayu
Bai taɓa ba. Ciwon kai, hamma, faɗa da akuya don ta shiga zaure. Wai ba taba ba ce.

Lahadi, 1 ga Yuni
Har yau. Bai taɓa ba. Kwalbar na kan taga, yana wuce ta yana kallonta kamar mai azumi da tulu. Na ɗauka gayu ne na 'yan boko, irin wanda ake tuɓewa in an ji wuya. Ashe taurin kan gidanmu ne ya sami sabon wurin zama.

Ban ce ya burge ni ba.

Talata, 3 ga Yuni
Yau na ga ya buɗe murfin, ya rufe, ya sake buɗewa. Na ce ya miƙo. Na shinshina, na ɗiga a yatsa na murza, na yamutsa fuska na ce, "Kitse na. Ni da nit tashi cikin man shanu, ko cikin barci na san shi." Wallahi ban ji komai ba sai warin alawa. Na dai ga hanya ce ta raba shi da wannan tsiyar, na bi.

Ko musu bai yi ba. Ya fita ya tuttular da ruwan a kwata. Da ya dawo ya zauna cin tuwo, sai ya ce, "Gwaggo, can inda nike, komi zan ci sai na karanta bayan kwali. Ke ɗai ta ba ni tambaya mi ke cikin tukunyarki."

Ya ƙara miya. Na tashi na ce zan duba awaki.

Laraba, 4 ga Yuni
Haushinsa nake ji. Wa ya ce ya yarda da ni haka? Da ya yi mini rashin kunya da na fi samun sauƙi.

Na ce masa don Allah jibi ya karɓi hantar nan, ko ɗanɗanawa ne, a wuce wurin. Ya ce zai riƙe wa Baba rago, zai tsaya har a gama, don layya ibada ce kuma bai taɓa cewa haram ba ce. Amma ba zai kai baki ba. Ya ce in Baba ya kore shi zai tafi Abuja neman aiki. Na san in ya tafi a haka ya tafi ke nan, don Malami ba ya janye magana, shi ma haka.

Juma'a, 6 ga Yuni, Shagari
Sallah. An sauko idi, an yi yanka, an banƙare raguna a jikin itace an kewaye wuta da su. Ubaidu ya riƙe ƙafa, ya zuba ruwa, idonsa ya yi ja amma bai matsa ba. Aka kawo hanta a faranti. Gida cike, har da surukai daga Sifawa. Malami ya yanka, ya miƙa. Yaron ya durƙusa, hannayensa a kan gwiwa, bai ɗaga ba.

Ban san lokacin da na tashi daga cikin mata ba. Na karɓe daga hannun Malami na jefa a baki, da zafinta, har ta ƙona mini harshe. Na ce, "Ni nig goye shi, rabonai nawa na. Shekara da shekaru kana ba shi, ba ka taɓa cewa Yaya ga taki ba."

Wani tsoho ya fashe da dariya, sauran suka bi. Malami ya dube ni ya daɗe. Ba ya iya ɗaga mini murya gaban mutane, ni na yi masa wanka yana yaro. Ya ce, "Kin ɓata shi, Yaya." Ya yanki wata ya miƙa wa ɗansa na biye.

Bai kore shi ba. Bai kuma yi masa magana ba har muka taho.

Asabar, 7 ga Yuni
Harshena na ciwo. Yaron banza.

Talata, 10 ga Yuni
Ubaidu ya ce masu ruwan shisha sun ba shi amsa. Ban tambaye shi me suka ce ba, shi ma bai faɗa ba. Ya dai dube ni yana murmushin da ba na so. Biron nasa na cikin aljihun jaka, ban ga ya sayo wata kwalba ba.

Malami ya aiko da cinya, da ƙullin wake daban, bai ce na wane ne ba.

Har yanzu ina ganin abin nan shirme ne, kuma zan ci gaba da faɗa masa. Na sayi sabuwar tukunya ƙarama, don tsohuwar ta sha maiƙo ba ta fita. Miyar yau da man gyaɗa na yi. Ya ce ta yau ta bambanta. Na ce kukar ce sabuwa.