Kwarmin Katakon Inna

Daren Laraba, Sokode

Yau maigida ya kai wa kafinta katakon yanka na Inna, wanda na ɗauko daga Dapaong bayan rasuwarta. Ya ce tsagin wuƙa na riƙe datti, kuma gaskiyarsa ne. An kankare shi sumul.

"Kin ga ya koma sabo," in ji shi.

Na ce masa sannu da ƙoƙari.

Ita dai Inna gishiri da lemun tsami take goga masa, ya bushe a inuwa, ta shafa man kaɗe. Haka na yi. Amma kwarmin da wuƙarta ta ci a tsakiya, inda yankakken abu ke taruwa, babu shi. Ɗazu na yanka kuɓewa, ta yi ta gangarowa ƙasa ina tsinta.