Kirarin Mai Gyaran Janareta

Daren Alhamis, Gwadangaji

Kaina ciwo yake. Yau muka shiga situdiyo ɗaukar waƙar manoman Zauro, wadda za ta buɗe albam ɗinmu na farko. Tun a mota daga Argungu na roƙi Baba Manu, mai yi mana kirari: "Baba, can ba gidan biki ba ne. Ko wa ya shigo, don Allah ka kame bakinka." Ya ce, "Ɗana, ka gama magana."

Muka yi ta ɓatawa har la'asar, sannan waƙa ta zauna. Muryata ta buɗe. Ina tsakiyar baitin ambaliya, sai mai gyaran janareta ya leƙo neman sifana. Baba Manu ya ƙwala: "Sannu Ilu na Hajo, mai tada matacce da igiya!" Ashe har uwarsa ya sani.

Injiniya ya ce makirufo ɗaya ne, muryar ba ta ciruwa, kuma lokacinmu ya ƙare.

Ɗazu na kunna wa matata waƙar. Shekaru ina gyaran baitocin nan, ga ta can tana wanke-wanke tana rera "mai tada matacce da igiya."