Jan Kwaɗon Elikem

Lahadi, 7 ga Yuli

Sena, idan ke ce kika buɗe littafin nan, rufe. 'Yar da ke leƙen sirrin uwarta ba ta gamawa lafiya.

Yau ma gwangwanin madara biyu sun yi ƙafa. Ita da ƙawayenta mawaƙan coci ne. Na buɗe akwatin kayan aikin yayanta Elikem, na ga wani jan kwaɗo a ƙarƙashin sifanoni, na datse kabad da shi. Gidan da babu tsaro babu tarbiyya.

Talata, 9 ga Yuli

Asibitin Tema. Inji ya cinye wa Elikem yatsu uku, hannun dama.

Alhamis, 11 ga Yuli

Efo Kobla, wanda ya koya masa gyaran inji a masana'antar fulawa, ya kawo akwatin a ka. Ya ƙi zama, ya ƙi cin tuwon banku. Ya ce kowane mai gyara yana da jan kwaɗonsa. Kafin ya sa hannu cikin inji sai ya kulle makunnin wuta, mukulli a aljihunsa. Rannan Elikem ya laluba bai ga nasa ba, sai ya rataya kwali ya rubuta kada a kunna. Kwalin ya faɗi, wani ya kunna.

"Dada, shekara shida yaron nan ko wanki ba ya bari a yi masa sai ya ciro mukullin. Ina ya kai kwaɗon?"

Na ce yaran yanzu sai addu'a.

Ai da ya ara. Da ya tambaya. Baki gare shi.

Asabar, 13 ga Yuli

Elikem ya shaida wa manyansu mantuwa ya yi. Ranar Laraba za su zauna. Idan sakaci ne, sallama ce, ko aikin sito ba za su ba shi ba.

Ina ba shi koko a baki ya ce, "Dada, madarar dai ta tsira ko?" Yana murmushi. Ashe Sena ta gaya masa tun shekaranjiya.

Na ce ya ci abinci ya bar surutu. Ni na koya masa ƙarya?

Litinin, 15 ga Yuli

Na goge sifanonin da mai, na jera su yadda yake jerawa, ƙarami zuwa babba. Filayar duk ta ci sawun hannunsa. Na daɗe a kanta.

Laraba, 17 ga Yuli

Na sa zanen coci na je masana'antar. Maza biyar a tebur. Na ajiye kwaɗon a gabansu, na faɗi inda ya kwana. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Sun ce duk da haka bai kamata ya sa hannu ba, amma za su bar shi a sito, wurin ba da kayan aiki.

Da yamma na tara su, shi da Sena. Daga yau akwatin ma'aikaci ba a buɗe shi a gidan nan sai da bakin mai shi. Ko da uwar da ta haife shi ce.