Kafaɗun Rigar Falih

Yaya Nuriyya,

Gaisuwa mai yawa daga Samarra. Yaya ƙafar Umma? Yaya yara da shanu?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Muna gyaran hasumiyar tsohon masallacin nan na zamanin halifofi. Matakalarta ba a ciki take ba, nannaɗe take ta waje, kuma gefe guda babu komai sai iska. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwale ba, ni ke kai tubali sama.

In zan hau, kafaɗar hagu nake manna wa bango, in zan sauko kuma ta dama. Shugabanmu Usta Jabbar ya riƙa tsokanata ke nan: "Ɗan ruwa, saki bangon nan, ba amaryarka ba ce." Ina dariya, amma ba na sakin bangon. Jiya iska ta fizge rawanina, na kasa ko leƙa inda ya faɗa.

Ki ce wa Umma a ƙasa nake, ina kwaɓa laka. Rigar da kika ɗinka mini ta yage a kafaɗu biyu. Ki aiko wata, ki ninka ƙyalle a wurin.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Falih