Yarinyar da Ta Yi Mini Maraba Sau Biyu

Asabar, 27 ga Afrilu, 2024

Yau Ƙungiyar Ci Gaban Rafin Maje, reshen Kaduna, ta zauna a falona na Unguwar Rimi. Tarihi zai shaida cewa ni, Sharhabil, darakta mai ritaya, na gabatar da jawabin da ya ratsa ɗakunan karatun Bagadaza, ya yada zango a Timbuktu, kafin ya sauka kan abin da ya tara mu, wato benci. Bencinan da muka sa kafinta a Abakpa ya yi wa firamaren ƙauyenmu sun kammala, kuma na sa an ƙona “Ilimi Gadon Rafin Maje” a bayan kowanne. Wasu membobi sun rufe ido ina magana. Na ɗauke shi a matsayin zurfin tunani.

Alhassan, aminina tun muna aji ɗaya, wanda yanzu shi ke duba makarantun ƙaramar hukumarmu, ya ce in bar masa jigilar. Ya ce makarantar ta farfaɗo har ba zan gane ta ba. Na ji sanyi, domin Fiddausi tana can aji biyar, kuma a gadon asibiti na yi wa ƙanena Salisu alkawarin 'yarsa za ta yi karatu. Bara na so ɗauko ta. Alhassan ne ya ce kada a raba marainiya da uwarta alhali ga ilimi a ƙofar gida.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ziyarar miƙa benci. Ban taɓa tsammanin zan ga irin wannan rana a Rafin Maje ba. Bango ya sha fenti, malamai reras da nakatayi ɗaure a wuya, yara a kan bencinana kamar 'yan majalisa. Wata yarinya mai wushirya, Nafisat, ta tashi ta karanta jawabin maraba da Turanci ba gargada, ta kira ni “fitilar wannan ƙarni”. Ban yi gardama ba. Bai dace babba ya ƙaryata yaro a bainar jama'a ba.

Fiddausi na hango ta a waje, bakin taga, cikin masu tafi. Alhassan ya ce kunya gare ta. Akwai wata doguwar bas a bayan masallaci. Ya ce ta 'yan biki ce ta lalace.

Juma'a, 10 ga Mayu

Matata Turai ta ce tun jiya nake tafiya kamar an naɗa ni. Mata ba su fahimci nauyin zama fitila ba.

Talata, 18 ga Yuni

Fiddausi ta zo mana hutun Babbar Sallah. Bayan la'asar na miƙa mata ɗan littafin labarai na Hausa, na gyara zama domin jin amfanin jarina. Ta buɗe, ta ɗora yatsa a layin farko, yatsan bai motsa ba. Ta san sunan wasu haruffa, amma haɗa su biyu ya gagara. Na yanke hukunci nan take, bisa abin da na karanta a littattafan likitanci, cewa ciwon ido ne.

Alhamis, 20 ga Yuni

Likitan ido ya nuna mata allon haruffa, ya jira, sa'an nan a hankali ya musanya shi da allon hotuna. Ta gano tsuntsun da ke layin ƙarshe, wanda ni ko da tabarau ban san yana wurin ba. Idonta lafiya lau. Likitan ya dube ni kawai.

Na buga wa Alhassan. Ya ce baiwa daban-daban ce, ba kowane yaro ne Nafisat ba. Ya kuma gayyace ni in zama babban baƙo a bikin ba da kyaututtuka na makarantar kuɗin da ya buɗe a Kawo. Na amsa. Jawabi ba ya rubuta kansa, na fara tun yau.

Asabar, 13 ga Yuli

Zan rubuta wannan a tsanake, domin ba na son tarihi ya zargi rubutuna.

An zaunar da ni a kujera mai laushi a harabar makarantar Alhassan, hayaniyar tashar Kawo tana shigowa ta katanga. Aka kira ɗalibar da za ta yi maraba. Ta taso, ta yi murmushi, sai ga wushirya. Nafisat. Jawabin nan dai, numfashi a inda ta yi numfashi a ƙauye, “Kawo” a gurbin “Rafin Maje”. Na sake zama fitilar wannan ƙarni. Na dubi malamai: nakatayin nan ne, wuyan nan ne. Na tashi kamar mai neman bayi, na zagaya bayan iyayen yara, na duƙa. An shafe bencinan da koren fenti, amma abin da wuta ta rubuta fenti bai iya ɓoyewa ba. A bakin ƙofa ga bas ɗin 'yan biki, ta warke.

Ban karanta jawabina ba. Wannan shi ne karo na farko da aka miƙa mini lasifika na mayar da ita da sanyinta.

A ofishinsa Alhassan ko kunya bai ji ba. Ya zuba mini lemo, ya ce, “Darakta, kada ka mai da abin tashin hankali. Ranar baƙi aron yara ake yi, kamar yadda ake aron tabarma ranar suna. Kowace makaranta haka take yi.” Bencinan kuwa ajiya ya yi mana, wai rufin ƙauye yana yoyo, gara za ta cinye. Malaman sunansu yana Rafin Maje, ƙafarsu tana Kawo. Ya ce ai ko'ina suke 'ya'yan ƙasa suke koyarwa.

Na ambaci Salisu. Nan ne kawai ya sunkuyar da kai, amma bai daɗe ba. Ya ce in kawo Fiddausi, ya ɗauke ta kyauta har ta gama. Da na kama ƙofa ya ƙara da cewa, “Kai ne ka aiko da ranar zuwanka, Darakta. Mai son ganin makaranta ranar Talata yake zuwa, ba sanarwa.”

Mutumin da muka raba allo ɗaya da shi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Fiddausi tana nan, domin na hana a mayar da ita. Na tambaye ta yadda aka yi ranar ziyara. Ta ce da sassafe aka fitar da su daga aji, aka ce tafi ne aikinsu, kada wanda ya buɗe baki. Da yamma bas ta kwashe baƙin yaran, mota ta biyo ta kwashe bencin. Sauran ranaku Malam Sanda, tsohon hedimasta, shi kaɗai ne. Yakan tara azuzuwa duka a ɗakin da bai yoyo, ya yi abin da murya ɗaya za ta iya.

Turai ta ce in haɗiye fushi in karɓi tayin, yarinya ba za ta ci mutuncina ta ƙoshi ba. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Litinin, 22 ga Yuli

Na kai takardar koke, wadda na ƙawata da misalan faɗuwar dauloli. Jami'in da ya karɓa ya yaba Turancina, ya ce bisa ƙa'ida za a tura wa mai duba makarantun yankin ya bincika. Na tambayi sunansa, don dai in ji da kunnena.

Laraba, 7 ga Agusta

Na fara wa Fiddausi darasi da tarihin haruffa tun daga Finikiyawa. Ta yi barci. Gobe zan fara da “ba”.

Asabar, 31 ga Agusta

Ta karanta sunan da ke jikin gwangwanin madara, ba wanda ya sa ta. Turai ta yi guɗa. Ni wani abu ne ya shiga idona, wataƙila fanka.

Na gaya mata tayin Alhassan, domin rayuwarta ce. Ta ce, “Baffa, in na shiga can, ni ma za a riƙa kai ni garinmu in karanta wa baƙi, su Ladi suna tafi a waje?”

Ladi ƙawarta ce. Daga nan ban sake tayar da maganar tayin ba.

Talata, 24 ga Satumba

Na mayar da ita wurin uwarta tun buɗe makaranta. Yau ma na je, ba sanarwa, kamar Talatar da ta wuce. Kada wani ya ɗauka koyarwa nake yi. Bincike ne na ido da ido domin koke na biyu, kuma tunda ina wurin, Malam Sanda yakan bar mini 'yan aji shida a ƙarƙashin darbejiya. Tabarma na tafi da ita daga gida, tawa ce, ba aro ba. Gwiwata tana ƙara in na zauna, yara suna dariya.

Ladi ta haɗa “ka” da “za”. Fiddausi ce ta riƙe mata yatsa.

Alhassan ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Koken yana nan, ban wuce sallama ba. Ranar Alhamis zan koma, in tuna da alli.