Rigar Jirginka, Abba

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga gidanmu na Limawa. A ajin yamma inda na koyi boko da furfurata, malaminmu ya ce bayan gaisuwa sai a rubuta, “ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya.” Na ɗora biro a wurin na daɗe ban motsa shi ba, don bai koya mana abin da ake ce wa wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Sai dai in ce ina fata kana cikin rahama. Mu kam muna nan.

Albishirinka. Ba sai ka ce goro ba, na riga na raba a madadinka. Matarka Fati ta sauka lafiya a gidan iyayenta da ke Agege, can Ikko. Namiji ne, Abba. An ce ya zo da kuka mai ƙarfi da kunnuwa irin naka, waɗanda suka ɗan buɗe kamar suna sauraren maƙwabta. Da labarin ya zo, na fita titi da takalmi wari da wari, na hau keke har Tunga don in gaya wa ƙanwarka Hauwa, alhali ita ce ta bugo min wayar. Mai keken ma sai da ya sha addu’a. Ban san akwai sauran wannan dariyar a cikina ba tun ranar da muka kai ka.

Jibi suna, kuma sunanka za a mayar masa. Abokan aikinka sun ce ba za su yarda in kwana a hanya cikin mota da wannan ƙugun nawa ba, sun yankar mana tikitin jirgin sama ni da Hauwa, daga filin jirginmu na Maikunkele zuwa Ikko. Gobe za mu tashi. Innarka likita ya hana ta saboda hawan jini, za ta jira a kawo mata shi bayan arba’in.

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gyaran layin dogo, ban taɓa tashi sama ba. Ka sha ce min, “Baba, wata rana ni zan ɗaure maka bel ɗin kujera da hannuna.” Ni kuma ina ce maka jirgin da ba ya tsayawa a tasha a sayi rake ba jirgi ba ne.

To tun da tikitin ya zo, maganar gidan nan ta koma abin da zan saka. Na fito da babbar rigata ta Sallah, Hauwa ta ce in mayar. “Baba, kujerun a matse suke. Hannun rigar nan zai share abincin mutum uku kafin ku zauna.” Ta ce kaftani mara nauyi, wando mai zariya ba mai ƙarfe ba, takalmin da ake zurawa kawai don wani lokaci sukan ce a cire, da safa mai kauri. Ta ce in zazzage aljihuna daga tsabar kuɗi da makullai. Har ’yar wuƙar da nake yanka goro da ita ta ƙwace.

Ɗanladi, maƙwabcinmu da muka yi reluwe tare, shi ma ya shigo da nasa ilimin, tunda cocinsu ta taɓa kai shi ziyara ƙasa mai tsarki. Ya zauna a kan bencin zaure yana kaɗa ƙafa. “Kai tsohon reluwe, ba tsoron faɗuwa za ka ji ba, sanyi ne zai kashe ka. Ni da na shiga da ’yar shara, haƙorana guda huɗun nan sai da suka yi ta gaisawa har muka sauka.” Na ce masa ai da ya bar su a gida. Muka yi dariya, amma maganar sanyin ta zauna min. Ka san ƙirjina. Hauwa ma ta ce dole in sami abu mai ɗumi, ta ce za ta biya kasuwa ta duba gwanjo.

Ni kuwa na san inda riga mai ɗumi take a gidan nan.

Jaket ɗinka mai ruwan toka, wadda muke kira rigar jirgi. Ba ka saka ta sai za ka yi tafiyar aiki. Kana fitowa da ita cikin zafin Minna ina zaune a zaure, sai in ce, “Ga ɗan acaban Turai nan ya fito.” Kai kuma ka durƙusa kana murmushi ka ce, “Baba, can sama babu rana irin taku.” Haka nake yi maka. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina gare ka, ban saba kallonka ido cikin ido ba, sai in fake da tsokana. In ka juya za ka fita, a nan nake ƙare maka kallo. Na fi sanin bayanka cikin rigar nan fiye da fuskarka.

Tun rasuwarka tana cikin akwatinka a ɗakinka. Liman ya ce kada a taɓa ko allura a kayanka sai Fati ta haihu, domin abin da ke cikinta magaji ne, kuma ba a san ko mace ko namiji ba. Watanni muka yi muna wucewa ta ƙofar ɗakin, kayanka a kulle suna jiran wanda bai zo duniya ba. Innarka tana share ɗakin kullum, tana zagaye akwatin da tsintsiya.

Shekaranjiya bayan azahar na tsaya wurin liman na tambaye shi ko ya halatta in ari riga ɗaya kafin a yi rabo. Ya ce in sauran magada sun yarda babu laifi, amma in tuna mafi yawanta yanzu na maraya ne, in mayar da ita yadda na ɗauka. Na taho gida ina jin nauyin kalmar. Ina ta murnar jika, ban taɓa kiransa maraya a zuciyata ba sai da liman ya faɗa. Kuma ga ni, uba, ina neman aron rigar ɗana daga hannun jariri.

Da la’asar na buɗe akwatin. Tana sama, a ninke irin ninkinka, hannuwa a ciki. Da na ɗaga ta sai ƙamshinka ya tashi, turaren nan naka da ɗan gumin wuya, kamar yanzu ka cire ta ka shiga wanka. A aljihu akwai alewa guda, ta narke ta manne da ledarta. Na tuna ka taɓa ce wa Hauwa a riƙa tsotsar alewa in jirgi zai sauka don kada kunne ya toshe.

Na saka ta. Ta zauna min daidai. Ban san jikinmu ɗaya ba ne, Abba. Na ja zif, na tsaya ina fuskantar taga, bayana yana kallon ƙofa.

Ban ji tahowar Innarka ba. Sai na ji muryarta a bayana, irin muryar da ban ƙara ji ba tun da ka tafi, sakakkiya, har da ɗan faɗa a ciki. “Abba, yaushe ka shigo ba ka…” Sai ta tsaya. Na ji tsintsiya ta faɗi.

Na yunƙura zan juya. Ta ce, “Malam, kada ka juyo.” A hankali ta faɗa. “Na san kai ne. Ka tsaya haka kaɗan.”

Na tsaya. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Ina kallon bangon maƙwabta, ina jin numfashinta, ina ƙoƙarin miƙe kafaɗuna yadda kake miƙe naka. Na riƙe tarin da ya taso min don kada muryar tsoho ta fito daga cikin rigarka. Har ladan ya fara gwada lasifika. Sannan na ji ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Ba mu yi maganar ba har yau. Da magariba dai ta zuba min abinci a kwanonka, ban sani ba ko ta lura.

Daga nan na ce ba zan tafi da rigar ba. In mahaifiyarka, wadda ta yi min wanki shekara da shekaru, ta ruɗe, ina ga yarinya mai ɗanyen jego da ta fita takaba ranar da ta haihu? In sauka daga mota a ƙofar gidansu cikin rigar da ta saba raka ka da ita bakin titi? Na ninke ta na ajiye.

Hauwa ce ta kai wa Fati labarin, ka san bakinta. Jiya da hantsi ta miƙo min waya ta ce ana son magana da ni. Ka san tsakanina da Fati gaisuwa ce kawai, ta durƙusa daga nesa in amsa. Wannan karon bayan ta gaishe ni, na yi mata barka, ba ta ajiye wayar ba. Ina jin ɗanka yana ’yan ƙananan koke-koke kusa da ita.

Ta ce, “Baba, an wanke ta?”

Na ce ba a wanke ba.

Ta ce, “Don Allah kada a wanke. Ku zo min da ita. Duk abin da na taho da shi nasa, ƙamshin ya fita. So nake in kwantar da yaron nan a kai, ko sau ɗaya ne, ya ji yadda babansa yake.” Sai kuma kunya ta kama ta, ta yi sauri ta ƙara da cewa, “Ku saka ta a jirgin, Baba, akwai sanyi. Shi ma da zai so ku saka.”

Na ce to. Bayan mun gama na koma ɗakinka na ɗauko ta, na kai wuyan rigar hancina. Abba, ɗan tsayuwar nan da na yi a cikinta, har na fara shiga. A ƙarƙashin turarenka na ji warin goro da man zafin da nake shafa wa ƙirjina. Kaɗan ne, amma yana nan. In na saka ta daga Limawa zuwa filin jirgi cikin rana, na zauna jiran tashi ina gumin tsoro, na sauka cikin zafin Ikko, abin da zan miƙa wa Fati rigar tsoho ce. Yaron zai shaƙi kakansa. Kakansa kuwa yana nan, zai shaƙe ni har ya gaji. Kai ne saura kaɗan.

Don haka ga abin da zan saka gobe, tunda kowa ya faɗi nasa. Singileti biyu, farin kaftani, wando mai zariya, safar da Hauwa ta kawo, da hulata. Gwanjon da ta samo ya matse ni a hammata, na ce ta mayar. Rigarka kuma na saka ta a leda sabuwa, na matse iskar, na ɗaure bakin, na ƙara wata ledar. Ba za ta shiga cikin kayan da ake jefawa ƙarƙashin jirgi ba. A kan cinyata za ta zauna.

Hauwa ta yi faɗa. “Baba, riga a hannunku kuna rawar ɗari? Mutane za su ce ba ni da hankali.” Na ce ta bar su su ce. Innarka tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba, ta ce, “Ƙyale shi.”

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ba na jirgin ba. Tsoron lokacin da za a kwance ledar nake ji, kada a buɗe a tarar babu komai sai yadi. Nakan kai hannu in sake dubawa, sai in tuna kowace buɗewa ragewa take yi, in janye hannuna.

Allah ya jiƙanka, ɗana. Allah ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya shi sanyin rahama. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba uwarsa haƙuri, ya ba taka. Ya kai mu lafiya gobe, ni da ƙanwarka da abin da na ɗauko, ya sa in isar da shi yadda yake. In ƙirjina ya kama, zan sha magani in mun dawo.

Ni ne mahaifinka,
daga zauren da ka sani, Limawa, Minna.