Ba Dukan Baban Yara Ba Ne

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara miki lafiyar gwiwar nan. Mu ma da sauƙi, Auta har ta fara tatata.

Na ji Goggo ta kira ki a kan shatin da ta gani a damtsena, har kin rantse sai kin zo kin kwashe ni da yaran. Yaya, ki sauko. Wallahi baban yara, bawan Allahn nan, ko yatsa bai taɓa ɗaga mini ba. Ciwo ne. Hannun bokiti kawai ya goge ni sai wurin ya yi baƙi. Ƙibar da kuke ta tsokanata wai hutu ya karɓe ni, ita ma ciwon ce. Fuskata ta zama kamar faranti, ciki ya yi gaba, ƙafafu sun tsotse. Matakalar makarantarmu sai na zauna a tsakiya kafin in kai aji, ga hawan jini da suga.

Likita ta ce wani ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwata, bai kai ƙwayar wake ba, shi ke sa jikina yin sinadarin kotisol fiye da kima. Ranar Talata za su ciro shi ta hanci. Ta ce yawancin mutane suna warkewa, fuskar ma takan dawo a hankali, amma zan daɗe ina shan magani ba fashi, kuma wani sa'in ciwon yakan komo. Ni dai daga "ƙwaƙwalwa" ban ƙara fahimtar komai ba, baban yara ne ya yi ta tambaya a madadina. Tsoro nake ji, Yaya.

Amma abin da ya fi tsorata ni, in tafi kuna zarginsa. Mutumin da ke durƙusawa ya sa mini takalmi, yanzu ko gaisuwarsa Goggo ba ta amsawa. Ke take jin maganarki, ki kira ta kafin Talata.

Ki gaida Kawu da Yaya Babba da takwarata. Ku sa ni a addu'a. In na farka, ki zo ki ci gaba da tsokanar. In kuwa ban farka ba, don Allah kada ku raba shi da 'ya'yansa.

Taki ƙanwa,
Maman Auta